Abin da Kalilu Ya Naɗo Cikin Tabarma

Kalilu bai taɓa buɗe baki ya ce gawa ya ɗauko ba. Wannan kam ko gaban alƙali aka kai shi zai iya rantsewa. Sai dai kuma bai ce ba gawa ba ce, alhali daga tashar Maraɗi zuwa ƙofar gidansu ya sami damar faɗa ta fi sau goma, yana ji yana gani ya bar kowacce ta wuce.

Shi ne ɗan fari a wurin Inna Hasiya, a wani ƙauye da ke wajen Riko cikin ƙasar Jibiya. Don kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Yana ƙarami "kai wanga" take ce masa. Da aka haifi ƙanensa Ya'u sai ta sami mafita, ta koma kiransa Yayan Ya'u. Shekara ashirin da uku ke nan da sunan, kuma Kalilu ya fi jin daɗinsa a kan na yanka, don a cikinsa ne kaɗai yake jin son da ba za ta taɓa nuna masa a fili ba.

Neman abinci ne ya kai shi Gana. Ya bi motar albasa, suka ɓata da direba a Takoradi, ya gangara yamma har wani ɗan garin masunta a bakin teku, inda ya sami aikin gadi a wani masaukin baƙi. Garin bai kai rabin Jibiya ba. Abin da yake da shi kawai rairayi ne, shimfiɗe har inda ido ya gaji, ba dutse ko ɗaya, sai raƙuman ruwa da ke tasowa daga nesa, su yi ta kumbura, su zo su fashe a kan tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa. Saboda su ne baƙi ke zuwa. Mutum zai kwanta rub da ciki a kan wani dogon allo mara nauyi, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ya wuce inda ruwan ke fashewa, ya zauna jira. In raƙumin da yake so ya taso sai ya juya, ya yi wuf ya miƙe tsaye, ruwan ya ɗauke shi a guje har gaɓa. Ranar da Kalilu ya fara gani, cewa ya yi lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Bayan wata uku shi ke riga kowa shiga.

A ganinsa ai shi ba baƙon ruwa ba ne. Duk wanda ya tashi kusa da dam ɗin Jibiya ya sha bulala a kan iyo. Ya koyi hawa, ya koyi liƙe allon da ya tsage, ya koyi goga masa kaki don kada ƙafa ta zame, da ɗaura igiyar roba da ke haɗa allon da idon sawun mai hawa. A gida kuwa gadi kawai suka sani. To ta ina zai fara yi wa Inna bayanin cewa namiji da gemunsa yana wasan ruwa a kan katako?

Bayan rasuwar mahaifinsu da shekara biyu ya zo ganin gida, Ya'u ya maƙale masa sai ya bi shi. Ranar tafiya Inna ba ta ko dubi Kalilu ba. Tukunyar da take wankewa ta yi wa maganar.

"Yayan Ya'u, ga shi nan na ba ka. An ce ruwan can ba shi da wancan ƙetare. Kak ka bari shi shiga."

Kalilu ya ce to, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma alkawarin bai cika wata biyu ba. Ya'u ya yi ta zama bakin gaɓa yana kallon yayansa kamar mai kallon ana cin abinci da azumi a bakinsa, har Kalilu ya ji tausayinsa, ko kuma dai ya ji yana son a gani a yaba. Ya ɗauko wani allo da wani baƙo ya karya ya bari, ya gyara shi, ya shafa masa koren fenti, ya miƙa wa Ya'u. Kafin shekara ta zagayo Ya'u ya fi shi. Siriri ne, ba nauyi, in ya miƙe a kan ruwa sai ka ce a nan aka yanke masa cibiya. Masunta har tsayawa suke da gyaran raga su kalle shi.

Abu biyu Kalilu ya sani waɗanda Ya'u bai sani ba. Na farko, bakin teku mai yashi ba ya zama wuri ɗaya. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai yashin ƙasa ya gusa, hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin teku ta sake wuri. Hanyar nan tana da ja fiye da gulbi a tsakiyar damina, kuma wanda ta kama ba ya nufar gaɓa kai tsaye, sai ya yi iyo a kaikaice har ya fita daga cikinta. Kalilu ya taɓa ɗauko wa Ya'u zancen sama-sama sau ɗaya suna cin abinci, ya ce wata rana zai kai shi ciki ya gwada masa. Ranar ba ta zo ba. A makon da abin ya faru kuwa ya lura masunta sun sake wurin tura kwale-kwalensu, ya gane hanyar ta matso daidai inda Ya'u ke son shiga, ya ce zai gaya masa, hidimar baƙi ta mantar da shi.

Na biyu shi ne igiya. Wani baƙo ya tsinke tasa, mai masauki ba ya nan, Kalilu ba ya son a ce ya gaza. Ya kwance ta allon Ya'u ya ba baƙon, ya ɗaura wa allon wata tsohuwar igiya da ya haɗa tsakiyarta da zaren masunta. Ya ce gobe zai mayar.

Goben da safe yana shara a gaban masauki ya ɗaga kai ya ga raƙumin ruwa ya rufe Ya'u. Wannan ba komai ba ne, kullum ana yi. Sai ya ga koren allon ya taho gaɓa shi kaɗai yana tsalle a kan kumfa. Can baya ga kan Ya'u, ya miƙe sak yana iyo zuwa gaɓa da dukan ƙarfinsa, yadda kowane ɗan Jibiya ke yi a dam in ya gaji, ruwan kuma yana ta ja da shi baya. Kalilu ya yi ihu yana nuna masa gefe da hannu, ƙarar teku ta cinye muryar. Ya sunkuci allo ya faɗa ruwa. Kafin ya isa wurin babu kowa.

Masunta suka ce ya yi haƙuri, teku kan dawo da mutum cikin kwana uku. A kan maganar nan ya gina ƙaryarsa. Ya buga waya gida da yamma, ya sami wani maƙwabcinsu, ya ce a faɗa wa Inna Allah ya yi wa Ya'u rasuwa. Aka tambaye shi ciwo, ya ce zazzaɓi. Aka tambaye shi ko an yi masa sutura, ya ce yana asibiti tukuna, sai an gama takardu. Lissafinsa shi ne in teku ta dawo da shi, a yi masa wanka da salla a zangon Hausawan garin, ya sake bugawa ya ce an rufe shi, maganar ruwa ta mutu a nan. Kwana uku suka wuce, suka zama bakwai. Ya taka rairayin nan gabas da yamma har tafin ƙafarsa ya tsage. Wayar gida ta yi ta shigowa har ya kashe ta. Rana ta bakwai limamin zango ya zaunar da shi ya ce ya isa haka, ya tafi gida ya faɗa wa uwarsa gaskiya.

Bai iya barin allon ba. Shi ne abu na ƙarshe da Ya'u ya taɓa. Ya shirya shi yadda ya ga baƙi na yi in za su yi doguwar tafiya, don allon ba ya son bugu ko kaɗan. Ya cire 'yan fikafikan da ke ƙarƙashinsa masu saita shi a ruwa, ya jera rigunan Ya'u da wandunansa a sama da ƙasa, ya naɗe da bargonsa da 'yar siririyar katifarsa, ya rufe da farin zanen gado na masauki, sannan ya naɗe duka cikin tabarma ya ɗaure wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa. Da hankalinsa na jikinsa, da ya ja da baya ya dubi abin da ya haɗa.

Kwana huɗu ya yi a bayan babbar motar albasa da ke komawa Nijar ba kaya, shi kaɗai da ƙunshinsa. A Maraɗi ya sami a-kori-kura mai zuwa Jibiya. Direban, wani mai suna Abu, ya tafi cin abinci, don haka Kalilu da kansa ya shimfiɗa kayansa a gefe ɗaya na bayan motar, ya zauna kusa, ya ɗora hannu a kai. Wani ɗan kasuwa ya zo zai jingina buhu, Kalilu ya tare da sauri ya ce don Allah kada a ɗora komai a nan. Mutumin ya dubi tabarmar, ya dubi idanun Kalilu da suka yi jawur, ya janye buhunsa a hankali ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kalilu ya ce amin. Ai kuwa yana bukatar haƙurin, bai kawo komai a ransa ba.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shiru. Motar Maraɗi ce fa, wadda in ba a yi faɗa a kan wurin ajiye ƙafa ba to ba a tashi ba. Amma fasinja takwas suka takure a gefe guda kamar kaji cikin akurki, suka bar masa rabin mota. Abu ya kashe rediyo. In ya zo rami sai ya bi shi a hankali. Wata tsohuwa ta miƙo wa Kalilu ruwa ba tare da ya roƙa ba.

Sai a Ɗan Isa, shingen ƙarshe na ɓangaren Nijar, ya gane. Jandarma ya leƙo yana neman takardu, Abu ya fito ya sassauta murya.

"Gawa munka ɗauko, ranka shi daɗe. Ga ɗan'uwanai nan zaune."

Kalilu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya buɗe baki. Jandarman ya riga ya ja da baya ya ɗaga hannu, fasinjoji suna ta salati ƙasa-ƙasa. Kalma biyu kawai ake bukata, allo ne. Amma yana faɗin haka za a ce allon me, daga nan a ce to ina mai shi, kuma ga tsohuwar da ta ba shi ruwa tana share hawaye da bakin mayafi. Ya ce a ransa mutanen nan ba su san shi ba, nan da ɗan lokaci kowa zai kama gabansa, in an isa Magama zai sauke kayansa ya sake mota. Ya rufe bakinsa.

Magama kuwa, bakin iyakar Jibiya, ba wurin da ɗan ƙasar zai ratsa a ɓoye ba ne. Rana ta take tsaka, manyan motoci sun yi layi, 'yan canji da masu ruwan leda da 'yan acaɓa suna ta kai da kawo. Motar ba ta gama tsayawa ba Abu ya sanar, magana ta bi layi. Masu shan shayi suka miƙe tsaye. Jami'in kwastan da aka sani ko buhun gawayi sai ya zura masa ƙarfe ya iso, ya ga tabarma, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce a ɗaga musu shinge. Kalilu ya sunkuyar da kai. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne, kunya ce kuwa take cin sa har ƙashi.

Yana shirin ɗaukar kayan ya sulale sai ya ji an kira sunansa. Baba Badamasi ne, shugaban 'yan dako na bakin iyaka, aminin marigayi mahaifinsu, mutumin da ya yanka ragon sunan Ya'u da hannunsa. Ya kama ƙarfen motar ya tsaya yana duban tabarmar.

"Kalilu, ashe kawo shi ka yi? Muna nan muna zaginka ka kashe waya, ashe kana bisa hanya da ƙanenka. Ƙasa ukku ka ratso da shi don uwatai ta gan shi. Allah shi yi maka albarka. Ba kowa ka iya wanga ba. Ko ubanka iyakar abin da zai yi ke nan."

Da zagi ya yi, da Kalilu ya sami bakin magana. Albarkar ce ta ɗaure masa harshe. Ya ce, "Baba," ya tsaya. Badamasi ya dafa masa kai ya ce kada ya ce komai, ya gama nasa, saura nasu.

Nan da nan dattijon ya kama aiki. Ya roƙi fasinjoji su sauka a nema musu wata mota, ba wanda ya yi musu, har suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Kalilu ta'aziyya. Abu ya ce shi zai kai su har gida don Allah. Wani ya yi tambayar yadda gawa ta kwana goma sha ɗaya ba wari, wani ya ba shi amsa cewa allura ake yi musu a asibitocin can. Haka mutane suke, in sun riga sun yarda da abu su da kansu ke toshe masa ɓaraka. Sai Badamasi ya ciro waya. Kalilu yana ji da kunnensa ya ce a faɗa wa liman, a sa matasa su fara haƙa kusa da kabarin uban, a sanar da ƙauyukan kewaye, za su iso kafin la'asar.

A nan ne ya kamata ya kama hannun dattijon ya ƙwace wayar. Ya san haka a lokacin, ba daga baya ba. Sai ya gaya wa kansa cewa Inna ce ta fi cancanta ta fara ji, bai kamata ta ji a bakin 'yan tasha ba. Magana mai kyau, sai dai ba ita ce ta hana shi ba. Tsoro ne kawai.

Badamasi ya ƙi shiga gaba, ya hau baya ya zauna daura da tabarmar yana jan carbi. Suka bar kwalta suka kama hanyar ƙauye. Duk inda suka ratsa, manoma na ajiye fartanya su ɗaga hannuwa. Babura suka fara bin su a baya, biyu, biyar, har Kalilu ya daina dubawa. Sau biyu yana cewa "Baba," sau biyu dattijon na cewa ya yi ta salati kawai. Da suka zo gefen maƙabarta ya hango jar ƙasa sabuwa an tara, da samari huɗu tsaye ba riguna, gumi na zuba a jikinsu.

Ƙofar gidansu ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ga makara jingine da bango, ga butoci an jera. Mutum huɗu suka matso, har da Badamasi, kowa ya gyara tsayuwa ya tattara ƙarfinsa don ɗaukar namiji. Suka ce bismilla suka ɗaga, ƙunshin ya yi sama kamar an ɗauki faifai, har na baya ya yi taga-taga. Suka tsaya cak. Yatsun Badamasi suka lalubi gefen tabarmar, suka ji wani abu siriri mai tauri wanda ba kafaɗar mutum ba ce. Ya dubi Kalilu. Kallon bai daɗe ba, amma Kalilu ya gwammace a ce ƙasa ta tsage ya shige.

"Ku sake," in ji dattijon. "Shi kaɗai za shi shiga da shi wajen uwatai."

Kalilu ya rungumi ƙunshin a hammata, yadda ake ɗaukar allo in za a shiga ruwa, don hannunsa bai san wata ɗauka ba. Ya ratsa zaure jama'a na kallonsa.

Inna Hasiya na zaune a ƙofar ɗakinta, matan unguwa kewaye da ita. Ta rame. Ta ga yadda ya riƙo kayan. Ya shimfiɗa a gabanta, ya durƙusa, ya kwance ɗauri uku. Farin zane ya buɗe, sai katifa, sai bargo. Ta gane bargon, ita ta saya masa a kasuwar Jibiya. Sai riguna, ɗaya bayan ɗaya, da hular da ya tafi da ita. A ƙarshe koren allon ya fito, da guntuwar igiya tana reto a gindinsa, zaren masunta a bakinta ya tarwatse.

Wata mata ta fara salati da ƙarfi, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ina shi?"

Ya faɗa. Kansa a ƙasa, ya faɗi duka. Ya ce ba zazzaɓi ba ne, ba asibiti, ba takardu. Ya ce shi ya koya masa, shi ya gyara masa allon nan da hannunsa. Ya faɗi maganar yashin da ya gusa bai gaya masa ba. Ya zo kan igiya ya ji kamar ya tsallake, don duk duniya ba wanda ya sani sai shi, amma ya ɗago guntun ya nuna mata ƙullin da ya yi. Ya ce ya nema kwana bakwai, teku ba ta ba shi ba.

Inna ta jawo allon kusa da ita. A samansa, cikin kakin da ya yi baƙi don datti, akwai wani ɗan lotsawa inda diddigen Ya'u ke sauka kullum in ya miƙe. Ba wanda ya nuna mata, hannunta ne ya samo wurin. Ta sa tafinta a ciki ta bar shi nan, ta daɗe.

"Ruwa kam, kwanansa ne ya ƙare," ta ce. "Ko bisa gadona yake, in lokaci ya yi sai shi tahi. Wanga na iya haɗiye shi. Amma kwana goma sha ɗaya ina ganinai kwance asibiti, an lulluɓe shi da mayahi, ina cewa ko ba komi an rufa mai asiri. Ashe shina can cikin ruwa shi kaɗai. Ka bar ni ina yi ma ɗana addu'a inda ba ya nan. Yau kuma ka sa na yi shirin ganin huskatai."

Kalilu ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce ta yafe masa. Ya so ta ɗauki muciya ta rafka masa, ya so ta tsine masa ma, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Kalilu."

Da farko bai gane da shi take ba, don bai taɓa jin yadda sunan yake a muryarta ba. Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai gaba ɗaya.

"Kalilu, tashi. Mutane na waje sun baro gonakinsu. Kai za ka hwaɗa musu, ba Badamasi ba, ba liman ba. In ka gama, ramin da ka sa anka haƙa da rana tsaka, kai za ka cike shi."

Ya fita. Ya tsaya a ƙofar zaure gaban mutum sun fi ɗari, ya maimaita abin da ya faɗa a ciki, har da igiyar. Wasu suka tashi suka karkaɗe riguna suka hau baburansu ba sallama. Abu direba ya girgiza kai kawai ya tayar da motarsa. Liman ya ce a ɗaga hannu a yi wa Ya'u addu'a, Allah ya san inda bawansa yake. Da aka shafa addu'ar, Badamasi ya miƙa wa Kalilu shebur.

Shi kaɗai ya cike ramin, kusa da kabarin mahaifinsa, samarin da suka haƙa suna zaune a inuwa suna kallo. Ɗaya ya tashi zai taya shi, Badamasi ya ce ya zauna. Ƙasar da mutum huɗu suka fitar, sai da rana ta yi ja kafin ya gama mayar da ita.

Da ya dawo gida an ɗauke allon, an shigar da shi ɗakin Inna an jingine bayan gado, inda yake har yanzu. Ya zauna a zaure hannuwansa duk sun yi bororo sun fashe. Daga ciki ya ji ta tana magana da wata maƙwabciya, da muryarta ta kullum, ba fushi a ciki. Ta ce a zuba tuwo a miƙa wa Kalilu, tun safe bai ci komai ba.

Ba ta kore shi ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Yana noma mata gonar, tana dafa masa abinci, in ya gaishe ta tana amsawa. Amma Yayan Ya'u bai sake fitowa daga bakinta ba. Kalilu take ce masa, kai tsaye, gaban kowa, yadda take kiran ɗan kowa.